Kwalejin al'umma a Amurka: ɗalibi ya san inda za shi kafin ya ɗauki kwas ko ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana da iyayenmu da ƙannenmu a kan wata makaranta da 'ya'yan Hausawa mazauna Amurka ke shiga, tun daga 'yan zangon Gana da ke unguwar Bronx a birnin New York har zuwa 'yan Nijar da ke Greensboro. Ina nufin kwalejin al'umma, wato kwalejin shekara biyu ta gwamnati. Idan aka ce yaro ya shiga irinta, sai ka ga wani ya yamutsa fuska, a ganinsa makarantar waɗanda jami'a ta ƙi ce. Wani kuma murna yake yi, ya ɗauka da an shiga shi ke nan, bayan shekara biyu sai jami'a. Dukansu biyu ba su karanci makarantar ba, kuma yaron da ke tsakaninsu shi ke biyan kuɗin wannan rashin sani da shekarun rayuwarsa.

Tsarin ba sabo ba ne. Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, ita ake ɗauka a matsayin ta farko ta gwamnati, kuma rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 ne ya yaɗa sunan da ake kiran su da shi yanzu. A yau akwai su kusan 1,000 a faɗin ƙasar. Ƙofarsu a buɗe take: wanda ya gama sakandare, ko yake da takardar da ta yi daidai da ita, za a ɗauke shi. Kuɗinsu kuma da sauƙi. A Kalifoniya ɗan jiha yana biyan dala 46 a kan kowane kiredit (ma'aunin da ake auna nauyin kwas da shi), wato dala 2,760 ke nan na kiredit 60 da ake bukata a gama. A kwalejoji bakwai na Jami'ar Birnin New York, wadda aka fi sani da CUNY, mazaunin birni yana biyan dala 2,400 a zango. Masu raina ta kuwa su tuna Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci kumbon Amurka zuwa sararin samaniya a 1999, a Kwalejin Corning ta fara.

Mai karatu a Kano ko Zariya zai so ya kwatanta ta da kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi, inda mai difloma ko mai NCE ke neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hanyar JAMB. Akwai kama, amma a nan kamar ta tsaya. A gida, da ka shiga sashe, sashen ne zai jera maka darussan da za ka yi, kai da 'yan ajinku ku tafi tare. A Amurka ɗalibi ne ke zaɓar kwasa-kwasansa kowane zango daga cikin ɗaruruwa, kuma jami'ar da zai koma ba takardar shaidarsa kaɗai za ta duba ba, kwas-kwas za ta bi tana cewa wannan na karɓa, wannan ban karɓa ba. Wannan 'yancin zaɓi shi ne ramin da ya fi cin mutane.

Alƙaluma sun nuna haka. Cibiyar binciken kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga suna da burin digirin jami'a, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke kai wa ga komawa jami'ar, kuma waɗanda ke riƙe digirin a hannu cikin shekara shida ba su kai kashi 20 ba. A 2017 ofishin bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗin da suka tara. Ka yi tunanin manomin da ya nome gona damina biyu, ya zo awo aka ce kusan rabin hatsin ba irin da ake saye ba ne. Yawancin waɗannan ɗalibai sun ci jarrabawarsu, kwas ɗin ne ba wanda ake bukata ba.

Don haka idan ƙaninka ya ce maka burinsa ya zama injiniya ko nas ko akanta, ka yi masa fatan alheri, sannan ka tambaye shi: a wace jami'a, a wane sashe, kuma waɗanne kwasa-kwasai sashen ya ce a zo da su? In bai iya amsawa ba, har yanzu fata yake yi. Fatan zai zama shiri ranar da ya zauna ya rubuta zanguna huɗu a takarda ɗaya, kowane zango da kwasa-kwasansa biyar da lambobinsu, ya kai wa jami'in shawara na kwaleji ya duba, kuma ya fara lissafin daga ƙarshe. Ya buɗe shafin sashen da yake son komawa a jami'a, ya ga abin da suke nema ga mai shigowa aji uku, ya dawo baya yana cike gurabe. Kusan kowace kwaleji tana da rubutacciyar yarjejeniya da jami'o'in jiharta a kan wane kwas ne ke tsayawa a madadin wane. A Kalifoniya akwai shafin ASSIST da ke nuna wannan dalla-dalla, a CUNY akwai Transfer Explorer. Maganar aboki cewa “ai ni an karɓa mini” ba hujja ba ce, domin sashe ya bambanta da sashe, kuma yarjejeniyar tana canjawa daga shekara zuwa shekara. Abin da jami'in shawara ya faɗa ma, a roƙe shi ya turo ta imel a ajiye.

Tarko na farko yana jikin takardar shiga, wurin da ake zaɓar nau'in digiri. Iri uku ne aka fi sani. AA da AS an tsara su ne domin mai wucewa jami'a, na farkon ya karkata ga fannonin adabi da zamantakewa, na biyun ga kimiyya da lissafi. AAS kuwa na mai son fita kasuwar aiki ne kai tsaye: gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kanikancin mota, kula da injinan kwamfuta. Digiri ne mai daraja, yana ciyar da gida, wani lokaci ma mai shi ya riga ɗan jami'a samun albashi mai kyau. Amma rabin kwasa-kwasansa na koyon sana'a ne, jami'o'i da yawa ba sa lissafa su. Yaron da ke son digirin kimiyyar kwamfuta ya ga AAS mai sunan kwamfuta ya danna, bayan shekara biyu sai a ce masa bai yi lissafin da ake nema ba, ya koma kusan aji ɗaya. Harafi ɗaya ne ya raba su a takarda.

Sai maganar lissafi, wadda zan daɗe a kanta domin ita ke cinye shekaru. Kwasa-kwasan lissafi sarƙa ce, ba a yin biyu a zango ɗaya, sai an ci na ƙasa ake buɗe na sama. Mai son injiniyanci yana bukatar kalkulas na ɗaya da na biyu da na uku, kuma kwas ɗin fiziks na injiniyoyi ba ya buɗuwa sai an shiga kalkulas. Idan gwajin shiga, wanda ake yi don a san matakin da ɗalibi zai fara, ya ajiye yaro a aljabara, to gabansa akwai aljabara, sai share fagen kalkulas, sai kalkulas uku: zango biyar ke nan a jere, ko da bai faɗi ko ɗaya ba. Yara da yawa suna tsoron lissafi sai su ce bari in fara da masu sauƙi, in bar shi zuwa baɗi. Duk zangon da aka tsallake an ƙara wata shida a ƙarshen tafiya. Dabara ita ce a ɗauki lissafi da rubutun Turanci tun zangon farko, kuma a yi amfani da gajeren zangon bazara a rage sarƙar. Wanda kuwa ya nufi aikin jinya ko nazarin halayyar ɗan'adam, galibi ƙididdiga ake nema gare shi, kalkulas ba ta cikin hanyarsa, kada ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba.

Gwajin shiga ɗin nan ma ba abin wasa ba ne. Inda ake amfani da jarrabawar ACCUPLACER, yara kan shiga ba shiri don an ce musu ba a faɗuwa. Gaskiya ne ba a faɗuwa, amma sakamakon ne ke yanke ajin da za a ajiye ka, kuma kwas na gyaran tushe ana biyan kuɗinsa, ana ɓata zango a kansa, ba ya shiga cikin kiredit 60. Mako biyu na bitar kasafi da aljabara da samfurin tambayoyin, waɗanda ake samu kyauta, na iya tsare wa yaro shekara guda. An samu sauƙi a wasu wurare. Kalifoniya ta yi doka a 2017 da ta sa a riƙa duba sakamakon sakandare, CUNY ma ta daina tsofaffin azuzuwan gyaran tushe, ta koma sa ɗalibi a kwas na sosai tare da ƙarin sa'o'in taimako. Wanda ya zo da sakamakon WAEC daga gida, ya tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai tun da wuri ko suna tantancewa da kansu ko sai an bi ta kamfanin tantance takardu irin su WES, domin abin yana ɗaukar makonni.

Yanzu lissafin lokaci. Ana kiran ɗalibi cikakke idan ya ɗauki kiredit 12 a zango, kuma nan mutane ke ruɗewa. Kiredit 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Wanda ke son gamawa cikin shekara biyu sai ya ɗauki 15, ko ya ɗauki 12 ya cike da bazara. A CUNY kuɗin 12 da na 15 ɗaya ne, don haka mai tsayawa a 12 yana barin kwas guda da ya riga ya biya. Amma kowane kiredit yana nufin awa ɗaya a aji da kamar awa biyu na karatu a gida kowane mako. Kiredit 15 awa 45 ke nan. Mako awa 168 ne. Cire 49 na barci, cire 45 na karatu, cire kamar 10 na jirgin ƙasa da bas, saura 64, kuma a cikinsu akwai salla da girki da wanki da kula da ƙanne. Yaron da ke tuƙa Uber ko kai saƙon abinci awa 40 a mako ya kuma ɗauki kwas biyar, taura biyu ya sa a baki. Abin da ke faruwa sananne ne: makonni huɗu na farko lafiya lau, mako na bakwai jarrabawar tsakiyar zango ta zo, ya fara fashin aji, mako na goma ya ɓace. Wanda dole sai ya yi aiki cikakke, ya ɗauki kwas uku ya ci su da kyau ya fi masa.

A nan nake roƙon iyaye, musamman Alhazai da Hajiyoyin da ke gida suna jiran aike. Kowace dala 200 da aka nema daga ɗalibi a tsakiyar zango, awoyi ne sama da goma da zai cire daga karatu. Haƙurin shekara biyu ko uku shi zai kawo aiken da ya fi wannan.

Sakamako kuma yana da nasa lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya iya yi da biro. A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1, F sifiri, ana ninka kowanne da kiredit ɗin kwas a raba da jimla. Wanda ya ɗauki kwas huɗu masu kiredit 3 ya samu A da B da C da F, ya tara 27, a raba da 12, matsakaicin makinsa, wato GPA, 2.25. Da ya janye daga kwas na huɗun a hukumance kafin ranar da aka ƙayyade, da W za a rubuta masa, wadda ba ta shiga lissafi, da sakamakonsa 3.0. Bambancin cike fom ne kawai. Yaranmu sukan daina zuwa aji shiru, don kunyar fuskantar malami, su ɗauka sun fita, alhali sunansu na nan, ƙarshen zango sai F. Kuma farkon tafiya ya fi nauyi fiye da yadda ake zato: wanda ya gama kiredit 30 da 2.0 yana son ya fita da 3.0, sai ya ci A a duk sauran kiredit 30 ɗin ba kuskure ko ɗaya. Jami'o'i da yawa kuma ba sa karɓar kwas ɗin da aka ci da D.

Sai dai W ma ba kyauta ba ce. Mai samun tallafin gwamnatin tarayya, wato Pell, wanda iyakarsa ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, yana ƙarƙashin sharuɗɗa uku a yawancin kwalejoji: ya riƙe 2.0, ya ci kashi biyu cikin uku na duk kiredit ɗin da ya yi rajista, kuma ya gama kafin ya gwada kiredit 90 a shirin mai 60. W tana shiga lissafi na biyu da na uku. Wanda ya ɗauki huɗu ya janye daga biyu ya ci rabi ke nan, ya faɗo ƙasa da ma'auni. Wanda ya janye daga duka kafin a ci kashi 60 cikin 100 na zango, za a mayar wa gwamnati wani ɓangare na kuɗin, kwaleji ta bi shi bashi, ta hana shi rajista sai ya biya. Tallafin kuma yana da iyaka ta tsawon rai, daidai da zango 12 cikakku. Duk zangon da aka ƙona a kan kwas ɗin da ba za a karɓa ba, an rage shi ne daga kuɗin aji uku da aji huɗu na jami'a, inda tsada take. Ana neman tallafin ta fom ɗin FAFSA, kyauta ne, kuma kowace shekara ake sabuntawa. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin sun cancanta.

Wanda zai taso daga gida da bizar ɗalibi, nasa lissafin daban ne, kuma tun 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara bayar da biza ga ƙasashen Afirka da dama. Ba ya samun Pell, yana biyan kuɗin baƙo wanda ya fi na ɗan jiha nesa ba kusa ba, dole ya riƙe kiredit 12 kowane zango, kwas ɗaya tak na intanet ke shiga cikinsu, kuma aikin da aka yarje masa na cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Shi W guda da ta sauke shi ƙasa da 12 ba tare da izinin ofishin ɗalibai baƙi ba na iya taɓa zamansa a ƙasar. Duk dillalin da ya ce yaro zai je ya yi aiki ya biya wa kansa makaranta, a guje shi.

Malam Edita, na cika ka da lambobi, amma akwai ɓangaren da ba ya fitowa a takardar sakamako, kuma shi ne ya fi daɗewa tare da mutum. Kusan rabin kiredit 60 ɗin nan na darussan gama-gari ne: rubutu, magana a gaban jama'a, tarihi, kimiyya mai ɗakin gwaji, nazarin al'umma. Yara suna kiran su ɓata lokaci, su ce me ya haɗa nas da tarihi. A ganina a cikinsu ake canja mutum.

Ɗauki kwas ɗin rubutu na farko. Yaron da ya taso a tsarinmu ya iya hadda, kuma hadda baiwa ce, za ta yi masa rana a kwas ɗin sassan jiki inda ake haddace ƙasusuwa 206. Amma malamar rubutu ba za ta tambaye shi abin da littafi ya ce ba. Za ta ce ya ɗauki matsaya a jimla ɗaya, ya kawo hujja, ya kawo hujjar wanda ya saɓa masa da adalci, ya amsa ta. Zai miƙa rubutun farko, a dawo masa da shi duk jan biro, ɗan ajinsu ma ya karanta ya yi gyara, ya sake rubutawa, wataƙila sau uku. Karon farko abin yana ciwo kamar cin fuska. Zuwa mako na goma sai ya gane gyaran rubutu ba zagi ba ne, ya fara ganin ramukan maganarsa kafin wani ya nuna masa. Wanda ya koyi wannan, za ka ji shi ko a zaman sulhu na dangi, ya daina ɗaga murya ya koma jera dalili.

A wannan kwas ɗin ne kuma ake faɗawa laifin satar rubutu, sau da yawa ba da niyya ba. A wurinmu kawo maganar malami yadda ya faɗe ta girmamawa ce. A can, ɗauko jimla daga littafi ko intanet ba tare da alamar zance da sunan mai ita ba laifi ne da ke jawo sifiri a aikin, ko F a kwas, ko zama gaban kwamiti. Sauya kalma biyu-uku ba ya wanke mutum. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke jero isnadi bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba: faɗi daga wa ka ji. Haka batun ChatGPT da ire-irensa, kowane malami yana rubuta ƙa'idarsa a takardar tsarin kwas da yake rabawa ranar farko. A karanta wannan takarda tun daga farko har ƙarshe, a kwashe ranakun jarrabawa da na miƙa aiki a zuba a kalandar waya, domin ita ce alƙali idan gardama ta taso.

Sai kunya. An tarbiyyantar da mu kada mu haɗa ido da babba, kada mu katse shi, kada mu ce ba mu gane ba a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, amma malamin Amurka yana fassara ta da rashin sha'awa, kuma a kwasa-kwasai da yawa akwai maki na musamman a kan sa baki a aji. Ba a ce yaro ya zubar da ladabinsa ba. Ya rubuta tambaya ɗaya a gida kafin kowane aji, ya yi ta. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis domin ɗalibai, kuma galibi ofishin a wofi yake. A je a mako na biyu ko na uku, tun kafin matsala, da tambaya takamaimiya: ga lissafin da na yi, a layi na huɗu na maƙale. “Ban gane komai ba” ba ta ba malami abin kamawa. Akwai ɗakin taimakon lissafi da ɗakin gyaran rubutu, duk an riga an biya su cikin kuɗin makaranta. Malamin da ya san fuskar yaro shi ne zai rubuta masa wasiƙar shaida idan ya zo neman gurbin jami'a ko tallafi irin na Gidauniyar Jack Kent Cooke, wanda kan kai dala 55,000 a shekara ga masu fitowa daga waɗannan kwalejoji. Wanda ya riƙe 3.5 bayan kiredit 12 kuma yakan samu gayyatar Phi Theta Kappa, ƙungiyar ɗalibai masu hazaƙa ta waɗannan kwalejoji, kada ya ɗauka saƙon damfara ne ya share.

Batun addini a tsara shi tun wurin rajista. Ɗalibi ne ke zaɓar lokacin ajinsa, don haka kada ya ɗauki ɗakin gwaji na Juma'a da azahar sannan ya zo yana neman uzuri kowane mako. Ajin gwaji da aka rasa da wuya a rama shi. Wanda ya yi rajista da wuri shi ke samun zaɓi. Idan Salla ta faɗo ranar jarrabawa, a jihar New York doka ta ba ɗalibi damar ramawa, amma a sanar da malami a rubuce tun farkon zango. In azumi zai ratsa zangon, ajin safe ya fi na yamma.

Wani abu da ke ba iyaye mamaki: dokar sirrin ɗalibai ta 1974 ta mayar da ikon takardun karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga kwaleji. Alhaji zai kira makaranta ya ce ni ne uban, ni nake biya, a ba shi haƙuri a ce sai yaron ya sa hannu. Ta haka wani yaro kan shekara yana fita da jaka kullum alhali an dakatar da shi. Maganin a zauna da shi ƙarshen kowane zango ya buɗe shafinsa da kansa, a duba tare. Amma in duk C sai an yi masa faɗa a gaban ƙannensa, zango mai zuwa ba zai buɗe ba.

Ga 'yan mata da matan aure masu neman aikin jinya, wanda shi ne burin gidaje da yawa, a sani shiga kwaleji daban, shiga sashen jinya daban. Sai an fara cin kwasa-kwasan share fage, sassan jiki da aikinsu na ɗaya da na biyu, ilimin ƙwayoyin cuta, da sauransu, sannan a yi takara a kan gurabe kaɗan, a wurare da yawa har da jarrabawar TEAS. C a sassan jiki ci ne a takarda, amma a takarar kusan faɗuwa ce, kuma wasu sassan suna iyakance yawan maimaitawa. Kada a haɗa kwas biyu masu ɗakin gwaji a zangon da ake sa ran haihuwa. Bayan an gama akwai jarrabawar lasisi ta NCLEX, kuma a New York dokar 2017 ta wajabta wa sabuwar nas ta kammala digirin jami'a cikin shekara goma. Kwalejoji da dama suna da wurin renon yara, amma layi ake bi, a sa suna tun ranar da aka samu gurbi.

Wanda ke New York ya tambayi shirin ASAP tun ranar farko. CUNY ta fara shi a 2007: yana cike gibin kuɗin makaranta, ya taimaka da kuɗin mota da littattafai, ya ba ɗalibi jami'in shawara da dole ya riƙa gani a kai a kai, shi kuma ɗalibin ya yi karatu cikakke. Binciken da cibiyar MDRC ta fitar a 2015 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, na wajensa kashi 22. Yaran iri ɗaya ne, malaman su ne dai, abin da aka ƙara shi ne wannan tallafi da kuma wanda zai duba takardar tafiyarsu kowane wata.

Saura fita. Neman gurbin jami'a ana fara shi ne a zango na uku, ba bayan an gama ba. Jami'o'in gwamnatin Kalifoniya suna rufe karɓar takardu wajen ƙarshen Nuwamba domin shiga a kakar shekara mai zuwa, wanda ya makara ya rasa shekara guda. Kada a tara kiredit fiye da kima da sunan ƙara ilimi, domin jami'o'i suna da iyakar abin da suke lissafawa daga kwalejin shekara biyu, a Jami'ar Kalifoniya 70 ne. Kuma ko an samu gurbi da wuri, in saura kwas ɗaya ko biyu, a tsaya a ƙarasa a karɓi digirin: a jihohi irin su Florida da Kalifoniya cikakken digirin wucewa yana zuwa da tabbacin gurbi a jami'ar jiha, kuma in rayuwa ta juya a aji uku, akwai takarda a hannu. A kwalejoji da yawa ba a ba da digirin haka kawai, sai ɗalibi ya cike fom ɗin neman kammalawa a farkon zangonsa na ƙarshe, ya kuma biya duk wani bashi da ke kansa, ko da tarar littafin laburare ce.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku,
Bronx, New York.